Sai Ka Farka Zan Faɗa Maka

A asibitin da yake aiki babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Kokasan ake ce masa, tun daga masu shara har likitoci, saboda ba ya buɗe baki sai da "Ko ka san…". Shi ma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Yakan ce mutumin da bai iya allura ba, bai iya duba hoton ƙashi ba, ganin jini ma juwa yake sa shi, ai gara a san shi da wani abu, ko da surutu ne.

Aikinsa tura marasa lafiya. Ya ɗauko mutum a gado mai taya daga ɗakin kwanciya ya kai shi ɗakin tiyata, in an gama ya maido shi. Tsakanin ɗakunan biyu akwai doguwar baranda, da kwana wajen ɗakin magani, da 'yar gangara wadda in ba ka riƙe gadon da kyau ba zai tafi ya bar ka, sannan ƙofa mai murfi biyu wadda daga ita sai ma'aikatan tiyata masu korayen kaya. A kan wannan hanya gashinsa ya yi fari. Yakan ce da a miƙe yake wannan tafiyar da tuni ya isa wata ƙasa ya yi arziki, amma ga shi kullum a bakin ɗakin magani yake tsintar kansa.

Da farko shiru yake turawa, kamar kowa. Sai dai ya lura cewa "sannu" da "Allah ya sawwaƙe" tun kafin kwana suke ƙarewa, sauran hanyar kuma mutum ya rage daga shi sai tsoronsa. Wata rana aka ba shi wani mahauci, ƙato ne wanda ƙafafunsa suka zarce gadon, mutumin da ya yi rayuwarsa da wuƙa a hannu, amma ranar hawaye ke gangara masa har cikin kunne. Bakin Kokasan ya suɓuce da wani abu da ya ji a rediyo da safe.

"Ko ka san ƙasusuwan wuyanka da na raƙumin dawa yawansu ɗaya ne?"

Mahauci ya daina kuka. Ya ce ƙarya ne, shi da ya fi kowa sanin wuyan dabba za a zo a raina wa hankali. Suka yi ta musu har suka sauka gangara. A bakin ƙofa mahauci ya ɗago kai ya ce, "To guda nawa ne?" Kafin Kokasan ya amsa nas ta karɓe gadon, abin da ya samu ya jefa ta tsakanin murfin ƙofa shi ne, "Sai ka farka zan faɗa maka."

Da aka fito da mahauci, ido bai gama buɗewa ba, harshe ya yi nauyi, bai tambayi matarsa ba, bai tambayi ko aikin ya yi kyau ba. Cewa ya yi, "Guda nawa?" Kokasan ya ce bakwai. Mahauci ya yi tsaki ya koma barci.

Daga ranar abin ya zama tsarin aikinsa, kuma ba ya ɓoye cewa tuntuɓe ya yi da shi, ba dabararsa ba ce. Daga ɗakin kwanciya zuwa kwana yakan zuba ƙananan labarai: sauro namiji ba ya cizo, doki ba ya iya amai, mutum ya fi tsawo da safe a kan yamma. A kan gangara sai ya jefa tambaya. A bakin ƙofa ya riƙe amsar. Mai ciki yakan tambaye ta, tsakanin jariri da babba wa ya fi yawan ƙasusuwa. Yaro a tambaye shi da me ƙuda ke ɗanɗana abinci. Mutum ya shiga yana juya tambaya a kansa, ya fito yana neman haƙƙinsa, kuma Kokasan bai taɓa cin amanar kowa ba. Ko lokacin tashinsa ya wuce sai ya zauna ya jira mai amsa ya farka.

Ba a kwana ɗaya ya ƙware ba, kuma shi da bakinsa yake ba da labarin kwaɓarsa. Akwai ranar da ya ga dacewar ya sanar da wani dattijo cewa a zamanin da masu aski ne ke yin tiyata, kuma babu allurar barci, ƙarti ake samu su danne mutum. Dattijo ya ce a tsaya, ya sauko da ƙafa ɗaya, sai da aka kira 'ya'yansa suka lallashe shi. Sista, babbar nas ta ɗakin kwanciya, ta hana Kokasan taɓa tarihi sai abin da ta tantance. Akwai kuma shekarun da ya kwashe yana shaida wa jama'a cewa ruwa raƙumi ke ajiyewa a tozonsa, har ranar da ya turo wani likitan dabbobi. Mutumin yana kwance, ciwo na cinsa, amma ya daure ya ce, "Kitse ne, Baba." Kokasan ya yi godiya. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne yawan bayin Allah da ke yawo a gari da ruwa a tozon raƙumi, kuma duk shi ya ɗura musu.

Kayan sana'arsa ko'ina yake tsinta. Rediyo, tsohuwar jarida da aka ƙunso masa sabulu, littattafan makarantar jikokinsa, hirar likitoci in suna wanke hannu. Tun bayan abin raƙumi ba ya fitar da sabon labari sai ya tare wani mai ilimi ya tabbatar, har likitoci suka koyi sauya hanya in sun hango shi da murmushi.

A gida kuwa kasuwarsa ba ta ci. Matarsa tela ce, kekenta na bakin taga, kuma ita ce ta fara jin kowane labari kafin ya kai shi asibiti. Da ya ce "Ko kin san", sai ta ƙara taka keken. In ya ce mata zuma ba ta lalacewa ko ta shekara nawa, sai ta ce ita dai ta san famfon bayan gida yana yoyo tun wancan watan. In ya ce mage ba ta jin ɗanɗanon zaƙi, ta ce mage ta huta. 'Ya'yansu sun tashi sun iya cin abinci da sauri. Shi kuma yakan ce da abokan aikinsa, a gidansa shi ne rediyon da ba a samo maɓallin kashe shi ba.

Abu ɗaya ne ba ya sa wa dariya. Ba kowa ke dawowa karɓar amsa ba. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta da ya taɓa turowa, 'yar ƙarama, mai tsabta, ta naɗe hannuwa a ƙirji. Ya ba ta labarin cewa a wasu ƙasashe, kafin agogo mai ƙararrawa ya wadata, akwai masu sana'ar bin gidaje da doguwar sanda suna ƙwanƙwasa taga don tashin ma'aikata. A kan gangara ya ce, "To Mama, shi mai tashin mutanen, wa ke tashinsa?" Ta yi dariya, ta yi canki biyu ba ta dace ba. A bakin ƙofa ta ce, "Kada ka faɗa, ɗana. A ciki zan gano da kaina." Ya zauna a benci har rana ta karkata. Da Sista ta fito ta dube shi, bai tambaye ta komai ba.

Bai sake yi wa kowa wannan tambayar ba. Haka yake yi: tambayar da mai ita bai dawo ba, ta zama tasa, ba a ba wani. Ba su da yawa in aka gwada da waɗanda suka farka, amma duk yana sane da su, kuma waɗansu daga cikin mafi daɗin tambayoyinsa ta haka suka fita daga hannunsa.

To, ana nan sai gadon da ya yi shekaru yana turawa ya rama. Wani kumburi ya fito masa a gefen mara, in ya kwanta ya koma, in ya yi nishi ya leƙo. Kokasan ya san ko mene ne, don ya tura masu irinsa ba adadi. Sai ya samo tsumma ya ɗaure, ya ci gaba da aiki, ya ce iska ce. Sista ce ta kama shi rannan a tsakiyar gangara, ya dafe gado da hannu ɗaya, mara da ɗaya, gumi na zuba, bakinsa a rufe. Shirun ne ya tona shi. Ta tasa shi gaba har ofishin likita.

Likita ya duba ya ce, "Baba, ƙaba ce. Ƙaramin aiki ne. Za mu sa ka barci, kafin ka sani an gama."

Kokasan ya ce ai shi ya fi kowa sanin ƙaramin aiki ne, sau nawa ya faɗa wa mutane hakan. Ya fito yana murmushin yaƙe. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Matsalar ita ce ya san asibiti ciki da bai. Ya san ba a yi wa wanda ya ci abinci allurar barci. Ranar da aka sa masa, ya zo da wuri, ya sa hannu a takarda, sannan da nas ta tambaye shi ko ya ci wani abu sai ya dafe goshi ya ce tsufa ya yi masa mugun aiki, ya sha shayi da burodi da mantuwa. Aka ɗaga. Rana ta biyu ya zo da tari, irin tarin da ya shekara yana ji a ɗakin masu ciwon ƙirji, ya kwaikwaye shi tsaf har da shaƙewar murya. Likita ya sa abin sauraro a ƙirjinsa, ya daɗe yana ji, ya dube shi, ya sake ɗagawa. Amma wannan karon bai yi dariya ba.

"Baba, ka saurare ni. Hanji ne ke leƙowa ta nan. Ranar da ya maƙale ya ƙi komawa, ba ƙaramin aiki ba ne kuma, maganar rai ce. Na fi so in yi maka kana tafe da ƙafarka."

A gaban matarsa aka faɗi wannan, don Sista ta aika an kira ta. Rana ta uku ita ta tashe shi, ta kulle kicin, ta sa makullin a jakarta, ta rako shi har asibiti. A bakin ɗakin kwanciya ta ce ya ɗaga hannu. Ta laluba aljihunsa na dama ta fito da biskit, ta laluba na hagu ta fito da ayaba guda.

"Na Dogo ne," in ji shi.

"Zan ba shi," in ji ta.

Dogo abokin aikinsa ne, sun fi shekara ashirin suna karɓar gado daga hannun juna, mutum ne da gaisuwa ma sai ya ga dama yake ƙarasa ta. Shi aka ba turawar. Aka kawo wa Kokasan rigar nan mai buɗaɗɗen baya wadda ya sha ɗaura wa manyan mutane yana ce musu ba komai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ya sa ta sai ya gane cewa ba cibi ne abin damuwa ba. Ya hau gado yana riƙe da bayan rigar, ya ce da Dogo in ya kuskura ya yi dariya ba zai yafe masa ba.

Gado ya motsa. Matarsa na tafe a dama, Sista a hagu. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne silin. Duk shekarun nan bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba. Ashe akwai tabon ruwa, akwai ƙwan lantarkin da ya mutu, akwai yanar gizo-gizo a kusurwa, kuma wannan ne abin da mutanensa ke kallo yayin da shi yake can bayan kansu yana zuba. Ya ji kowace gaɓar siminti a ƙashin bayansa. Ya ji hannunsa ya kama ƙarfen gado da kansa, daidai wurin da fenti ya goge.

Dogo ya yi gyaran murya. Tausayi ne ya kama shi, ya ga ya kamata ya yi wa abokinsa abin da yake yi wa mutane.

"Ko ka san kada ba ya iya zaro harshensa?"

"Ni na faɗa maka."

Suka ɗan taɓa tafiya. Dogo ya sake yunƙurawa. "Jimina fa, ko ka san…"

"Idonta ya fi ƙwaƙwalwarta girma. Dogo, tura kawai."

Sista ta ciro waya, ta ce yanzu za ta samo tambayar da bai taɓa ji ba. Ta karanto ta giwa, ya ƙarasa mata. Ta karanto ta ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin mutum, ya nuna kunnensa ba tare da ya dube ta ba. Sai ya ji wani irin baƙin ciki ya taso masa. Ya yi shekaru yana haɗa maganin tsoro, ya raba wa duk wanda ya zo, ga shi ranar da yake buƙata ya tarar ya shanye shi tun tuni, ba ya yi masa aiki. Kuma a cikin kan nan nasa da ya cika da giwa da jimina, abin da ke yawo yanzu shi ne benci, da rana tana karkata, da fuskar Sista.

Suka sha kwana. Da ƙafafun gado na gaba suka taɓa gangara sai ya ce, "Tsaya."

Dogo ya tsaya. Kokasan ya yunƙura ya tashi zaune, ya sauko da ƙafa ɗaya, ya manta da bayan riga. Bai ƙirƙiro tari ba, bai ce ya ci komai ba.

"Tsoro nake ji," ya ce. "Na san waɗanda suka shiga ƙofar nan ba su fito ba. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Ku mai da ni."

Sista ta buɗe baki za ta yi magana, matarsa ta ɗaga mata hannu. Ta matso, ta kama ƙafar da ya sauko da ita ta mayar kan gado, ta ja mayafi ta rufe shi, kamar yadda take gyara yadi kafin ta yanka. Sannan ta sunkuyo.

"Malam, ko ka san abin da kake faɗa cikin barci?"

Ya dube ta. "Ni ba na magana cikin barci."

"Kana yi. Tun shekarar da muka yi aure. Kuma magana ɗaya ce, ba ka taɓa sauya ta ba."

"Minshari dai."

"Minshari daban. Wannan magana ce tiryan-tiryan, har da ɗaga yatsa. Dogo, mu je."

Gado ya fara gangarawa. Kokasan ya koma ya kwanta don ya ga fuskarta da kyau. Mutumin da ya san ƙuda da ƙafa yake ɗanɗano, a ce akwai abin da bakinsa ke yi shekara da shekaru bai sani ba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

"Sunan wani nake kira?"

Ta gyara masa mayafi.

"Sunan wata?"

"Da ka ga alama tuntuni."

"Abin kunya ne? Yara sun ji?"

"Babbar ta taɓa ji. Na ce ta rufe bakinta."

"Dariya ta yi ko kuka?"

"Ga ƙofa, Malam."

Ya ɗago kai ya ga murfi biyun a gabansa. Sai a lokacin ya gane abin da ake yi masa, da tarkonsa, a kan gangararsa, kuma wadda ta ɗana shi ita ce matar da yake rantsuwa ba ta taɓa sauraronsa ba. Ya ce, "Maman yara, wannan ai zalunci ne." Ta ce sai ya farka. Masu korayen kaya suka karɓe shi yana waiwaye. Har aka ɗora masa abin shaƙa a hanci yana tambayar mai allurar barci ko mutum kan yi magana a ƙarƙashin allura, in kuma ya yi, don Allah a riƙe masa abin da ya ce.

Ya farka da yamma a ɗakin kwanciya, maƙogwaro a bushe, mara kamar an ɗora dutse. Fanka na juyawa. Tana zaune a kujerar roba kusa da kansa, jakarta a cinya, idanunta sun kumbura sun yi ja. Ya motsa leɓe, ta matso da kunne.

"Me nake cewa?"

"Sannu, Malam. Likita ya ce aiki ya yi kyau."

"Me nake cewa?"

Ta gyara masa matashi. Ta duba robar ƙarin ruwa kamar ta san kanta. Ta ce Dogo ya leƙo sau biyu, ya cinye ayabar.

"Kin yi alkawari," in ji shi. "Ƙa'ida ce. Wanda ya farka a ba shi amsarsa. Ban taɓa hana kowa ba."

"Ƙa'idarka ce, ba tawa ba."

"Haba, Maman yara."

Ta dubi hannunsa mai allura.

"Kai kana da su dubu, in ɗaya ta tafi ka ɗauko wata. Ni guda ɗaya gare ni. Ga shi kullum tsufa kake. In na ba ka yau, ranar da za a sake tura ka ta ƙofar nan, da me zan jawo ka ka dawo?"

Tausayinta ya kama Kokasan, da kunyar kansa, da wani daɗi da bai san inda zai ajiye shi ba, ya ji hawaye na gangara masa ta gefen ido. Ta sa bakin mayafinta ta share masa, ta share nata.

Can ya ce, a hankali, "Ko kalmar farko?"

"Kwanta, Malam," ta ce, "kada ɗinkin ya warware."